Bi Mai Gammo

Tabawa, rufe tukunyar nan tukuna,
in ba ki labarin cikina a Santambul.
Kwana goma sha ɗaya
ina sayen kan keken ɗinki da allurai,
jaka ta cika, mai jakar ya rame.

Kilishin da kika naɗe mani a takardar siminti
bai wuce filin jirgi ba.
Wata mai safar hannu ta ɗaga shi da yatsa biyu
kamar ta tsinci mushen ɓera,
ta jefa kwando. Ban ce uffan ba.
Yaji ne kaɗai ya tsira, don a safa na ɓoye shi.

Daren farko wani yaro mai jar riga
ya tare ni da murmushi har kunne,
ya buɗe littafi mai hotunan abinci.
Na nuna hoto, aka kawo mani ƙanen hoton:
nama yanka huɗu,
shinkafar da ba ta kai loma uku ba,
da ganye a gefe, ko akuya sai ta yi shawara.
Da takardar kuɗi ta zo na juya ta zuwa naira,
ashe tiya biyar ta gero ta bi maƙogwarona
ban ko ji wucewarta ba.

Aka ce akwai mai tuwo a bene na huɗu.
Na hau ina haki, ina murna.
Tuwon ya yi fari kamar bai taɓa ganin murhu ba,
miyar kuka babu daddawa,
marainiya.
Kuɗinta ɗinkin riga biyu.
Na cinye don kunya, na sauko da yunwata.

Sai na koma ɗaki, ni da burodi,
ina barbaɗa masa yaji, ina ba shi haƙuri.
A nan maganar Baba ta faɗo mani,
wadda yake yi in za mu ci kasuwar Mai'aduwa:
"In ka sauka garin da ba naka ba,
kar ka tambayi mai takalmi mai ƙyalli.
Bi mai gammo."

Can ba su san gammo ba, a baya suke dako.
Da azahar na ga wani dattijo ya sauke kaya,
ya share goshi, ya miƙe lungu.
Na bi shi kamar mai bin bashi.
Kwana uku, matakala bakwai zuwa ƙasa,
ƙofa ba suna, bango ba hoto,
sai tururi da ƙarar cokula,
direbobi, masu shara, wani mai gyaran takalmi.
Aka dire mani romon wani ɗan jan wake,
lemun tsami a gefe,
burodi cike da kwando, ba mai ƙirgawa.
Tsaba uku na biya, har da canji.

Na zaro yajin, na miƙa wa dattijon.
Ya lasa, ya yi tari, hawaye ya zubo,
ya buga tebur yana dariya,
ya sake miƙo hannu.
Ba mu da kalma ɗaya ta tarayya,
amma kwana shida tare muka ci.

To, ɗazu a Ƙofar Ƙaura
na ga wancan, mai hular kwano da jar fuska,
'yan kabu-kabu sun kewaye shi,
kowa na nuna masa hanyar otal.
Na gane tsayuwar. Ni ma na yi ta.

Ga shi can kan bencinki yana kallon ƙwarya.
Zuba masa na dawa, mai zafi, na ƙasan tukunya.
Kar ki rage daddawa don kin ga baƙo.
Kuɗi kuwa, Tabawa, dube ni nan,
abin da masu turin kura ke ba ki,
shi za ki karɓa.